Yadda Muka Ɓoye Malam Kyari a Shigifa

Sani da Ibro, ku biyun nan da aka kawo mana bayan kaka, na ji abin da kuka ce jiya kuna hura gawayin guga. Kun ce ɗinki ba wani aiki ba ne, mutum ya zauna a inuwa ya taka keke, yadi ya shiga ta nan ya fita ta can ya zama riga. To, ku gyara zama. Ni tsohon hannu ne. Na kusa shekara goma sha tara, kuma a zauren nan na tsufa. In kun matso kusa za ku ga 'yan gashi a haɓata, duk wahalar ɗinki ce ta fito da su.

Daga Dogo aka kawo ni, ina ɗan mitsitsi, a kan jakin babana tsakanin buhunan gyaɗa. Baba ya damƙa ni hannun Malam Kyari, tela a unguwar Zango a nan Damagaram, ya ce ga yaro nan, a gona ba ya tsinana komai sai surutu, a gwada shi da allura. Aikina na farko kuwa allurar ce: tsintar ta. Malam yakan yar da ita a cikin rairayin zaure, in yi ta rarrafe ina lalube kamar kaza, sai can ya tuna ashe a hularsa ya soke ta. Daga nan aka ƙara mini girma na koma gawayi. Bayan gawayi sai ɗebo ruwan yayyafa wa kaya, kuma kun san ruwan Damagaram, sai ka yi tafiyar da za ta kai ka Guna kafin ka cika tulu. Sannan warware ɗinkin da ya karkace, sannan dajiya, wato kalmashe bakin riga a bi shi da hannu, sannan ramin maɓalli. Na daɗe ina wannan kafin a bar ni in ɗora ƙafa a kan keke, shi ma a kan tsumma.

Keken nan da kuke jingina da shi kamar bangon gidanku, daga Kano ya zo a bayan kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, an naɗe shi da barguna kamar jariri. Ranar da ya iso, in ji Malam, unguwa ta taru har da masu hawa katanga. Ana ba shi mai kafin mu a ba mu koko. Amma ba shi ne sarkin zauren ba. Sarki shi ne babban almakashi, wanda ke kwana cikin kube na fata a ƙarƙashin matashin Malam. Ko matarsa Inna Falmata ba ta taɓa yanke zare da shi ba. Taka keke kowa zai iya, har jakin babana in an daidaita masa kujera. Yanka ne ɗinki. In ka karkata a keke sai a warware. In ka karkata da almakashi kuwa, sai dai ka nemi garin da za ka koma da zama.

Malam Kyari ba shi da na biyu wajen yanka. Mutum zai shigo, ya dube shi sau ɗaya, ya riga ya san faɗin kafaɗarsa da inda cikinsa zai kai in ya ci tuwon biki. Da kamu da taƙi yake awo. Mitir, wato igiyar awo, yana rataye a ƙusa, sai ma'aikatan biro, wato ofishin gwamnati, sun zo neman wando irin na Nasara yake sauko da shi, don ransu ya yi daɗi. Ciwonsa ɗaya ne, kuma babba: rakiya.

Bari in ba ku labarin kaftani ɗaya. Wani ɗan kasuwar Kano mai kawo goro ya ba mu shadda shuɗiya, ya ce yana so kafin ya juya gida. Da safe Malam ya shimfiɗa ta a tabarma, ya ninka, ya ja alli, ya buɗe almakashi. Sai sallama. Wani dattijon unguwar Birni ne. Malam ya ajiye yadi, aka shiga ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya wanda ya yi tari bara. Da baƙo ya tashi Malam ya ce bari ya taka masa. Suka kai kwanar masu ƙira, hira ba ta ƙare ba, baƙo ya ce ai ba zai bar Malam ya koma shi kaɗai ba, ya rako shi. Da suka iso ƙofa Malam ya ga ba daidai ba ne dattijo kamar wannan ya juya ba kowa a gefensa, suka sake fita. Ina leƙe ina kallonsu suna kai da komo a lungu kamar masu awon fili. A zuwa na ƙarshe suka haɗu da wani mai zuwa suna, suka bi shi. Malam bai dawo ba sai bayan la'asar, almakashi a hannu, ya ci suna ɗaya ya yi ta'aziyya ɗaya. Mai goro ya je Kano ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa, gemunsa ya canja launi, shadda tana nan a ninke. Har allin ya gaji ya goge kansa.

Ba haka zauren yake da jama'a ba tun farko. Shekarar da hatsi ya yi tsada ce ta cika shi. Ban daɗe da zuwa ba a lokacin. Ba mai ɗinka sabuwar riga, sai faci. Mutum zai kawo babbar rigar aurensa ya ce a fitar wa yara taguwa biyu a ciki. Wata riga mun yi mata faci har mai ita ya rasa wanne ne asalin yadin. Keke yakan wuni a rufe, ni kuwa cikina yana ƙara fiye da shi. Magidanta da ba su son zama gida suna kallon tukunya babu komai sai su taho wurinmu. Malam ya tsaga goro ɗaya ya zagaya da shi, a yi ta hira har yunwa ta manta da mutum. Ba wanda ya taɓa kora. Da aka samu damina mai kyau abinci ya dawo, aiki ya dawo, su kuwa ba su tafi ba. Kowa ya riga ya yi rami a rairayi daidai mazauninsa.

Sai kuma shekarar zaɓe ta zo, na ko a ci gaba da zama tare da Faransa, gari ya rabu, masu i da masu a'a. Masu i suka ɗauki tabarmar gabas, masu a'a ta yamma, abin da ya haɗa su kawai shi ne haushin yadda aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai tun kafin a haife ni. Malam ba ya son a ce ya karkata, saboda haka in ya raka mai i zuwa bakin kasuwa, dole ya raka mai a'a daidai wurin, ba ragi. Takalmansa sun fi keken aiki a shekarar nan.

A cikin 'yan zaman akwai Baba Sarjan, tsohon soja, dogo, mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya yi yaƙin Indoshin ya dawo da lambobi da labari ɗaya mai tsawon hanyar Agadas. Ba a taɓa barin sa ya kai ƙarshe ba. Da ya ce, "Muna cikin jirgin ruwa," sai wani ya tuna da sallar da bai yi ba.

Ana nan, bayan kakar da ta gabaci 'yancin kai, babana ya shigo gari da gyaɗarsa ya biyo ta wurinmu. Ya tambayi Malam abin da na iya. Malam ya yabe ni har na fara neman wanda ake magana a kai. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ya iya yanka?"

"Saura kaɗan," in ji Malam.

"Bara ma haka ka ce, Malam."

Ya kwance ƙunshinsa ya fito da farin alawayyo ya ajiye a gabana. Ya ce zai dawo da damina, bayan noman farko. In ya tarar wannan yadi ya zama riga, ni na yanka ni na ɗinka, zan zauna in ci gaba da sana'a. In ya tarar da shi yadi, in ɗauko tabarmata mu koma Dogo, don yayyena sun yi aure sun ware gonakinsu, shi kuwa bayansa ya fara ciwo. Ku ba ku san hauyar Dogo ba. Kunya ɗaya a gonar babana, in ka fara ta da safe kana yaro, sai ka kai ƙarshenta da jikoki.

Malam ya ce kada in damu, gobe za mu fara. Goben nan na bi ta duk rani. Sau da dama mun shimfiɗa tsumma, ya ce riƙe nan, ninka nan, sai sallama. Na koyi riƙe nan da ninka nan fiye da kowa a ƙasar Damagaram. Na gwada tsayawa a ƙofa in ce Malam ba ya nan, sai ya jiyo muryar baƙo ya amsa daga bayana. Na gwada ɓoye masa takalma, ya fita rakiya ba takalmi.

Sai labari ya zo cewa ƙasa za ta karɓi mulkin kanta cikin damina, za a yi biki. Kowa ya tuna ba shi da riga. Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya turo dammunan kaki, ya ce a ɗinka wa yara taguwa da gajeren wando na jerin gwano a gaban manya. Kaya suka taru a zaure har suka kusa taɓa azara. Jama'a kuma suka ƙaru, don yanzu bayan 'yan hira ga masu zuwa tambayar rigarsu, kowanne sai an gaisa, kowanne sai an raka shi an ba shi haƙuri. Wasu suka fara kwashe yadinsu suna kai wa wani tela ɗan Dahome a Sabon Gari, wanda aka ce ba ya ɗaga kai ko liman ne ya shigo. Alawayyon Baba yana ƙasan tulin kaya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ni kuma duk dare ina mafarkin hauya.

Ruwan farko ne ya cece ni. Rufin zaure ya yoyo, kuma bai zaɓi ko'ina ba sai kan keke. Inna Falmata ta fito ta ce a ɗauke shi yanzu a kai shigifa, ɗakin nan na biyu da ke bayan zaure, kafin a kira magini. Muka kinkima. Washegari Malam ya zauna a can ciki yana goge tsatsa, ya ce bari ya gwada ko keken ya ji ciwo. Baba Sarjan ne ya fara isowa zaure. Wanda ya zo bayansa ya tambayi Malam, Sarjan ya ce yana ciki yana jinyar keke, ya zauna tukuna, ai ya taɓa ba shi labarin jirgin ruwa? Mutumin ya zauna. Na biyu ya zo ya zauna. Masu ƙarfin hali suka jure, sauran suka tuna da uzuri. Ba wanda ya wuce shigifa, don ba a kutsa kai cikin gidan mutum ba a kira ka ba.

Kafin azahar Malam ya gama abin da yakan yi a mako. Ya tsaya yana duban tulin wandunan, ya ɗaga ɗaya ya ja ɗinkin da ƙarfi, ya ɗaga wani. Ya tambaye ni ko wani ya shigo ya taya mu. Na ce ba kowa. Ya ce in yi addu'a, wannan ba lafiya ba.

Ni kuwa na ga hanya. Na samu Inna a madafa na zayyana mata komai, har da maganar Dogo. Ta ce ita shekara da shekaru tana dafa tuwon mutumin da ke cin abinci a gidajen suna, ba sai na yi mata dogon bayani ba. Da magini ya zo ta ba shi fura ta ce ya tafi, rufin yana bukatar ya huta tukuna. Daga nan na sami Baba Sarjan, na ƙame a gabansa na ce muna neman mai tsaron ƙofa daga safe zuwa azahar, wanda zai karɓi gaisuwa a madadin Malam, ya yi rakiya a madadinsa, kuma ba mu ga wanda ya dace ba sai wanda ya ga Indoshin. Ya murza gashin baki ya tambaya ko akwai wanda aka yarda ya wuce.

"Ba kowa, Baba Sarjan."

"Ko kumandan, Baturen mulki?"

"Ko kumandan."

"To, ƙaramin soja, koma bakin aikinka."

Washegari ya zo da lambobinsa a ƙirji. Gaisuwa yana yin ta cikakkiya, ba ya rage ko ɗan akuya. Rakiya kuwa da tafiyar soja yake yi, hagu dama, kafin baƙo ya buɗe baki ya gan shi a kwanar masu ƙira yana haki, an sara masa an juya.

Kada ku ce shi ke nan. Kwana kaɗan Malam ya fara yaushi kamar ganyen rama a rana. Ba ya cin abinci sosai. Yana taka keke yana kasa kunne wajen zaure, in ya ji an yi dariya sai ƙafarsa ta tsaya. Ran nan akuyar Inna ta leƙo shigifa, na ji shi yana tambayar ta gajiya da kwanan iyali. A ranar ce ya ɗinka wa taguwar wani ɗan lakwal aljihu a gadon baya. Ya warware da kansa, ya ajiye, ya dube ni.

"Habu, mutum ya wuni ba wanda ya ce masa sannu, wannan ai kaso ne. Gobe a mai da keke zaure, ko da ruwa zai sauka a kaina."

Na ce ya ba ni zuwa safe. Na zauna a gaban tulin kayan ina tunani, abin da ban saba yi ba, har kaina ya yi zafi. Na tuna shekarun da na yi ina dajiya: bakina bai taɓa rufuwa ba, kuma ban taɓa karkata ba. Na tuna kuma ko Malam da kansa, in zai yanka wuya, yakan ɗauke numfashi. Ashe ayyukan nan da muke kira ɗinki ba iri ɗaya ba ne. Wani kai yake so, wani ƙafa, wani 'yan yatsu kawai. Mu kuwa mun cakuɗa su wuri ɗaya mun zuba musu baƙi a kai.

Na aro kwanduna uku wurin Inna na raba kayan. Na farko na yanka da awo da fitar da wuya, abin da ba ya son ko tari. Wannan da sassafe, kai yana sanyi, ido bai gaji ba. Na biyu na keke, daga hantsi zuwa azahar. Na uku na hannu: dajiya, maɓalli, tsinke zare, guga. Wannan a ɗauke shi a fita da shi zaure bayan azahar, a yi shi cikin jama'a, a yi gardamar Yamai har a ƙoshi. Bayan la'asar kuma Malam ya raka wanda ya ga dama, ko Dakusa zai kai shi.

Malam ya zagaya kwandunan yana duba. Ya ce wato da rana zai ga mutane. Na ce har sai ya gaji da su. Ya ce shi bai taɓa gajiya da mutane ba, amma a gwada.

Da muka fara sai wasu dabaru suka riƙa fitowa da kansu. Malam ne ya ga cewa tunda yaran lakwal kusan girmansu uku ne, ƙanana da matsakaita da waɗanda ya kamata a ce sun yi aure, ba sai an yanka ɗaya-ɗaya ba. Ya jera kaki ninki a kan ninki ya bi da almakashi sau ɗaya. Ni kuma na daina canja zare kowace riga. Duk farare a bi su tare, sannan shuɗɗa, sannan kaki, ba a tsaya ana lalubar ramin allura ba. Da yamma kuma in haɗa kwandon safe in ɗora abin da za a fara da shi a sama, almakashi a gefe, don kada a ɓata sanyin safiya wajen neman alli. 'Yan zaure ma ba su tsira ba. Ganin Malam yana hira hannunsa na tafiya, sai kunya ta kama su. Mai i yana riƙe bakin yadi, mai a'a yana tsinke zare. Wani tsoho da ya shekara yana barci a kusurwa ya zama gwanin hura dutsen guga.

A safiyoyin nan na koyi yanka. Malam ya fara sa ni a kan tsummoki, sannan ragowar kaki. In na ɗauki almakashi sai ya ce in ajiye in sake awo. In na sake, ya ce in sake. Ya nuna mini yadda ake barin rara wurin ɗinki, da yadda ake buɗe hammata don mai riga ya iya ɗaga hannu ya yi kabbara. Wuya ne ya fi tsorata ni. Ya ce a fara shi ƙarami, don ƙarami ana ƙara masa, wanda ya yi faɗi kuwa ba ya dawowa. Ranar da ya ce in ciro alawayyon Baba, na ce ai mai rigar ba ya nan, da me zan auna? Ya lumshe ido ya faɗi kamun babana, tsayi da kafaɗa, har da yadda kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda hauya. Na ninka, na ja alli. Na ɗauki almakashi. Malam ya juya baya yana kallon bango, ya ce shi ba ya nan. Na yi bisimilla na yanka.

Na ɗinka ta a tsakanin kakin lakwal, kaɗan yau kaɗan gobe. Saura dajiyar ƙasa kawai, na jefa ta kwando na uku.

Abu ɗaya na manta. Ban gaya wa Baba Sarjan cewa ina da uba ba.

Wata safiya muna tsakiyar keke sai Sarjan ya leƙo, abin da ba ya yi. Ya sara wa Malam ya ce yana da rahoto. Wani mutumin ƙauye mai jaki ya zo tun ɗazu, ya ce shi ne uban Habu. An gaya masa ko uban kumandan ne sai azahar. An ba shi tabarma, an fara masa labarin jirgin ruwa, bai ko bari an sauka tashar farko ba ya miƙe. An raka shi yadda ya kamata. Ya bar saƙo: a gaya wa yaron ya ɗaure tabarmarsa, wansa zai zo ya tafi da shi ranar kasuwa.

Ban san lokacin da na wawuri rigar daga kwando ba, allura da zare suna lilo a jikinta. Malam ya biyo ni yana cewa in jira shi. Na waiga a kwanar masu ƙira na ga wani ya tare shi da sallama, na san shi kam sai Allah.

Na cim ma Baba a bayan ganuwa, kan hanyar Dogo, yana kora jakinsa da sauri kamar jakin ne ya yi masa laifi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce, bai tsaya ba. Na bi shi ina haki. Sai da muka kai wata tsamiya ya ja birki.

"Na bar gona da ciyawa na taho, ashe ɗana ya zama kumandan. Har da soja a ƙofa."

Na ce ba haka ba ne, Baba. Na fara bayanin kwanduna, na ga ba ya saurare, sai na miƙa masa rigar da hannu biyu. Ya karɓa ya warware ta. Ya juya gaba, ya juya baya, ya ja hammata. Ya tuɓe tsohuwar tasa ya rataya a wuyan jaki, ya zura sabuwar. Ta zauna masa a kafaɗa, har ta daman. Ya ɗaga hannu sama ya sauke. Sannan ya sa yatsa ya bi bakin wuyan a hankali, ya tsaya a gefen hagu, inda almakashi ya ɗan kauce mini.

"Wa ya yanka?"

"Ni ne, Baba."

"Na yarda. Malam Kyari ba zai karkatar da wuya haka ba."

Ya dubi ƙasan rigar ya ga zare yana reto, ya ce wannan kuma fa, ko haka ake yayi a birni? Na ce aikin hannu ne, yanzu zan ƙarasa, ba sai ya tuɓe ba. Ya zauna a saiwar tsamiya, na tsuguna a gabansa na kama bakin rigar. Na ci gaba da dajiya. Can ya ce gero ya yi kyau a gonar tudu. Ya ce saniyar baffana ta haihu, rijiyar unguwa ta rufta, matar yayana ta samu ɗa namiji. Ina ta ɗinki ina tambaya yana ba ni amsa. Ya sake tambaya a kan sojan, wannan karon ya bari na kai ƙarshe. Ya ɗan yi tsaki, ya ce to ai ko a gona ba a ajiye hauya da safe don gaisuwa, daga kan kunya ake ɗaga murya, sai rana ta take a zo inuwa a gaisa da kyau. Amma su ba su taɓa ɗaukar soja ba.

Ina cizge zaren ƙarshe Malam ya iso, gumi ya jiƙa shi, ya fara ba da haƙuri tun daga nesa. Baba ya miƙe ya karkaɗe rigar, suka gaisa, doguwar gaisuwa, ina tsaye ina jiran a zo kan maganata. Aka tambayi kowa da kowa har saniyar baffana, ba a zo ba. Baba ya naɗe tsohuwar rigarsa ya cusa a buhu, ya hau jaki da sabuwar, yana tattare ta kada ta taɓa ƙasa. Har ya ɗan yi gaba, sai ya juyo.

"Baffanka zai shigo bayan kaka da yadinsa. Tsayinmu ɗaya, amma ya fi ni ciki. Ka gyara hannunka a wuya. Kuma ka gaya wa sojan nan ya bar shi ya shiga."